Akwatin Tambaya: Yaƙin 'Yan Aware A Maƙwabta, Ina Manyan Ƙungiyoyin Duniya Suke?

Wasiƙun da suka shigo mana a wannan karo yawancinsu a kan yaƙe-yaƙen ɓallewa ne, musamman na Kamaru da na Mali. Mun ɗauki shida, waɗansu mun rage musu tsawo saboda fili.

Tambaya: Ni malamin makaranta ne a Gembu, jihar Taraba. Shekara da shekaru ke nan 'yan gudun hijira daga yankin Ingilishi na Kamaru suna kwararo mana, 'ya'yansu har sun cika mana azuzuwa. Me ya hana Majalisar Ɗinkin Duniya tura sojoji kamar yadda ta tura Kwango da Mali? Ita kuma ECOWAS barci take yi?

Amsa: Malam, mu fara wanke ECOWAS. Kamaru ba mambarta ba ce. Ƙungiyar yankinta ita ce ECCAS ta ƙasashen tsakiyar Afirka, kuma shugabannin da ke cikinta, waɗanda wasunsu suka haura shekara arba'in a kan mulki, ba za su so a saba da leƙa gidan maƙwabci ba, don gobe nasu za a leƙa.

Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa taron gwamnatoci ce, kuma sashe na 2, sakin layi na 7 na kundinta ya hana ta tsoma baki cikin harkokin gidan kowace ƙasa. Dakarunta ta ƙofa biyu suke shiga. Ta farko, gwamnatin ƙasar ta yarda, kamar yadda Bamako ta yi a 2013. Gwamnatin Paul Biya kuwa tun lokacin da yajin aikin lauyoyi da malaman makaranta na 2016 ya rikiɗe ya zama yaƙi, bayan shelar kafa Ambazoniya, ƙasar da 'yan awaren yankin Ingilishi ke neman kafawa, ranar 1 ga Oktoban 2017, maganarta ɗaya ce: rikicin na cikin gida ne, masu riƙe da bindigar kuma 'yan ta'adda ne. Ƙofa ta biyu ita ce Kwamitin Sulhu ya ɗauko Babi na 7 ya ce lamarin barazana ne ga zaman lafiyar duniya. Wannan sai an sami ƙuri'a 9 cikin 15, kuma babu ko ɗaya cikin ƙasashe biyar masu kujerar dindindin da ta hau kujerar na-ƙi. Rasha da Sin ba sa goyon bayan irin wannan shiga, Faransa na da tsohuwar hulɗa da Yawunde, sannan kowa yana buƙatar sojojin Kamaru a yaƙin Boko Haram na tafkin Chadi. Iyakar abin da aka samu shi ne wani zama na bayan fage a watan Mayun 2019 a kan halin jinƙai, irin zaman da ba ya fitar da ƙuduri.

An gwada shiga tsakani. Siwizalan ta ɗauki nauyin wata tattaunawa a 2019, gwamnati ba ta taɓa shiga da ƙafa biyu ba. A maimakon haka ta kira nata babban taron ƙasa daga 30 ga Satumba zuwa 4 ga Oktoban shekarar, wanda manyan ƙungiyoyin 'yan aware suka ƙaurace wa, ya kuma haifar da “matsayi na musamman” ga yankuna biyu masu magana da Ingilishi, alhali har yau gwamnoninsu daga Yawunde ake naɗo su. A watan Nuwamba shugabannin Tarayyar Afirka da ƙungiyar ƙasashe renon Ingila da ta masu magana da Faransanci suka je Yawunde tare, suka fitar da sanarwa, suka koma. A Janairun 2023 Kanada ta ce ɓangarorin sun amince ta shiga tsakani. Cikin 'yan kwanaki gwamnatin Kamaru ta ce ita ba ta wakilta kowa ba. Mai shiga tsakani kamar dillali yake, ba ya sallama kayan da mai su bai ce a sayar ba.

Ɗaya ɓangaren ma yana da nasa ciwon. Tun da aka kama jagoran 'yan awaren, Sisiku Ayuk Tabe, da muƙarrabansa a Abuja a Janairun 2018, aka miƙa su Kamaru, kotun soja ta yi musu ɗaurin rai-da-rai a Agustan 2019, tafiyar ta tarwatse gida-gida. Wanda ke sa hannu a takarda daga Amurka ko Turai ba lalle ba ne yaran da ke tare hanyar Bamenda zuwa Kumbo su ji maganarsa, kuma yarjejeniyar tsagaita wuta ba ta da amfani idan mai sa hannu ba ya iya hana harbi.

Abin da Majalisar ke yi a zahiri shi ne aikin jinƙai. Hukumarta ta 'yan gudun hijira ta yi wa 'yan Kamaru sama da 70,000 rajista a Najeriya, akasari a Kuros Riba da Taraba da Binuwai da Akwa Ibom. Ka ƙarfafa wa iyayen ɗalibanka su yi rajista, su da yaran, domin da wannan lissafin ake tsara tallafi. Wanda ba ya cikin littafi ba ya cikin kasafi.

Tambaya: Ɗalibar shari'a ce ni a Zariya. Na ji ana cewa Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta ƙulla wannan rikici tun 1961. In haka ne, me zai hana 'yan yankin su kai ƙara Kotun Duniya kamar yadda aka yi kan Bakasi?

Amsa: 'Yar'uwa, akwai ƙamshin gaskiya a zancen. Bayan yaƙin duniya na biyu, yankin Kamaru da ke hannun Ingila amana ce ta Majalisar. A ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 zaɓi biyu kawai aka ajiye wa mutane: ku haɗe da Najeriya, ko ku haɗe da Jamhuriyar Kamaru. Tsayawa da ƙafar kai ba ya cikin akwati. Arewacin yankin ya zaɓi Najeriya da kusan kashi 60 cikin ɗari, ya zama lardin Sardauna. Shi ya sa Mubi da Gembu suke Najeriya a yau. Kudancin ya zaɓi Kamaru da kusan kashi 70, aka haɗe ranar 1 ga Oktoban 1961 bisa tsarin tarayya. A 1972 shugaban Kamaru na lokacin, Ahmadu Ahijo, ya rushe tarayyar ta wata ƙuri'ar da aka kaɗa a ƙasar baki ɗaya, inda masu Faransanci suka fi yawa nesa ba kusa ba. Majalisar ta riga ta rufe littafin amanar tun 1961, ba ta kuma bar wani mai sa ido kan alƙawarin tarayyar ba. A ganinmu nan ne babban sakacinta yake.

Kotun Duniya da ke Heg ƙasashe kaɗai ke shigar da ƙara gabanta, haka sashe na 34 na dokarta ya ce. Bakasi shari'a ce tsakanin ƙasashe biyu: Kamaru ta kai ƙara a 1994, aka yanke hukunci ranar 10 ga Oktoban 2002, Obasanjo da Biya suka sa hannu a yarjejeniyar Girintiri a Yunin 2006 a gaban Kofi Annan, aka kammala miƙa yankin a Agustan 2008. Ambazoniya ba ƙasa ba ce a idon kotun, don haka ko takardarta ba za a karɓa ba.

Inda aka saurare su shi ne Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Afirka da ke Banjul. A hukuncinta na 2009 ta yarda cewa mutanen Kudancin Kamaru al'umma ce mai nata kamanni, ta sami gwamnati da laifin nuna musu bambanci, ta ce a daina gurfanar da su cikin harshen da ba sa ji, a kuma zauna a tattauna kan tsarin mulki. Amma ta ƙi amincewa da ɓallewa, kamar yadda ta ƙi a shari'ar Katanga, wani yanki na Kwango, a 1995. Hukumar shawara take bayarwa, ba ta da ɗan sandan da zai tilasta. Ki dubi tazarar: shekara bakwai tsakanin wannan hukunci da yajin aikin lauyoyi, kuma kusan koke-koken iri ɗaya ne.

Tambaya: Dattijo ne ni a Katsina, na ga yaƙin basasa da idona. Me ya sa Tarayyar Afirka kullum bayan gwamnati take bi?

Amsa: Baba, ai a kan haka aka gina ta. A taron Alƙahira na 1964 shugabannin tsohuwar ƙungiyar haɗin kan Afirka suka yi alƙawarin girmama iyakokin da suka gada ranar samun 'yanci, duk da sun san Turawa ne suka shata su. Tsoronsu shi ne in aka warware guda, sauran za su bi. Yaƙin da kuka gani shi ne gwajin farko. A Satumban 1967 ƙungiyar ta kafa kwamitin shugabanni shida ƙarƙashin Sarki Haile Selassie, har da Diori Hamani na Nijar da Ahijo, amma tun a takardar kafa shi an rubuta cewa aikinsa kare haɗin kan Najeriya ne. An zauna a Yamai a Yulin 1968, an koma Adis Ababa a Agusta, an je Monrobiya a 1969, babu zaman da ya tsayar da yaƙin. Ƙasashen Afirka huɗu ne suka amince da Biyafara: Tanzaniya, Gabon, Kwaddibuwa da Zambiya.

Tarayyar Afirka ta gaji wannan ƙa'ida a sashe na 4 na kundinta. Ta ƙara wani sakin layi da ya ba ta ikon shiga ƙasa idan ana kisan ƙare dangi ko laifukan yaƙi, amma shugabannin ne za su yanke, kuma ba su taɓa tura soja a kan ƙin gwamnati mai ci da wannan hujja ba. Ko a Burundi a 2016 da aka zo gab, sai suka janye. Somalilan, wadda ta ɓalle daga Somaliya, tun 1991 take gudanar da kanta, Tarayyar ba ta ba ta kujera ba. Yammacin Sahara daban ne, domin ana lissafa shi cikin mulkin mallakar da bai ƙare ba, kuma karɓar sa ne ya sa Maroko ta fice a 1984, sai 2017 ta dawo.

Tambaya: Daga Damazin nake rubutowa, jihar Bulunayil a Sudan. In ƙa'idar haka take, yaya aka yi Sudan ta Kudu ta samu?

Amsa: Ɗan'uwa, ta samu ne domin Hartum ta sa hannu. Haka ma Eritiriya a 1993: sabuwar gwamnatin Habasha ta yarda, Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ido a ƙuri'a. Aikin ƙungiyoyi a Sudan shi ne sun gina matakalar da ɓangarorin suka taka, kuma yadda aka jera ta abin nazari ne.

Ƙungiyar IGAD ta gabashin Afirka ce ta riƙe teburin, da Janar Lazaro Sumbeiywo na Kenya a matsayin mai shiga tsakani, Amurka da Ingila da Norwe suna bayansa da kuɗi da matsin lamba. An fara da ƙashi mafi tauri. A garin Machakos na Kenya, Yulin 2002, aka yi musaya: arewa ta riƙe shari'ar Musulunci, kudu ta sami haƙƙin ƙuri'ar ɓallewa bayan shekara shida na riƙon ƙwarya. Sai tsaro a 2003: kowa ya riƙe rundunarsa, a kafa wasu bataliyoyin haɗin gwiwa. Wannan shi ne lamunin gaske, domin 'yan kudu ba su miƙa makamai suka zauna jiran alƙawari ba. Sai dukiya a 2004: kashi 2 cikin ɗari na kuɗin mai ga jihar da aka haƙo shi, ragowar na rijiyoyin kudu a raba biyu daidai. Sai mulki: jam'iyyar Albashir kashi 52 na kujeru, SPLM ta 'yan tawayen kudu kashi 28, jagoranta John Garang mataimakin shugaba na farko. Aka ɗinke su duka ranar 9 ga Janairun 2005 a Nairobi, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da tura sojoji har 10,000 su sa ido.

Ƙuri'ar ma an ɗaure ta da sharuɗɗa tun da wuri: sai kashi 60 na masu rajista sun fito, sannan rinjaye ya wadatar. Saboda yawancin masu zaɓe ba sa karatu, hoto aka buga a takardar: hannu biyu a riƙe da juna alamar zama tare, tafin hannu ɗaya a buɗe alamar rabuwa. An kaɗa daga 9 zuwa 15 ga Janairun 2011, kusan kashi 99 suka zaɓi rabuwa, ranar 9 ga Yuli aka ɗaga tuta, bayan kwana biyar ta zama mamba ta 193 a Majalisar.

Abin da ya lalace ku kuka fi kowa sani. An bar batutuwa masu zafi sai “daga baya”: shata iyaka, bashin ƙasa, takardar zama ɗan ƙasa, kuɗin bi da mai ta bututun arewa. A Janairun 2012 Juba ta rufe rijiyoyinta kan wannan kuɗi. Ƙuri'ar Abiye, yankin da arewa da kudu ke jayayya a kai, da aka ce za a yi rana ɗaya da ta kudu ba a yi ba, don an kasa yarda ko Misiriya makiyaya za su kaɗa. (Irin wannan gardama ta wa zai shiga rajista ita ce ta kashe ƙuri'ar Yammacin Sahara, wadda aka kafa wa tawaga guda tun 1991.) Jiharku da Kordofan ta Kudu kuwa “jin ra'ayin jama'a” kawai aka ba su, ba a kammala ba, yaƙi ya dawo a 2011. Ita sabuwar ƙasar ta faɗa nata yaƙin basasar a Disamban 2013, domin masu shiga tsakani sun sasanta jam'iyyu biyu ne, ba su taɓa rigimar da ke cikin SPLM kanta ba.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Tawa. Mali ta samu komai, sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya da yarjejeniya da kuɗi, amma ga ta cikin yaƙi. Mu a Nijar ba a kawo mana ko ɗaya ba, tawayen Abzinawa ya kwanta. Mene ne bambancin?

Amsa: Alhaji, wannan ita ce tambayar da ta fi ba mu aiki. Bayan MNLA, ƙungiyar 'yan tawayen Abzinawa, ta yi shelar ƙasar Azawad a arewacin Mali ranar 6 ga Afrilun 2012, babu ƙungiyar da ba ta shigo ba. ECOWAS ta riga ta naɗa shugaban Burkina Faso na lokacin, Blaise Compaoré, mai shiga tsakani, aka tura rundunar Afirka, Faransa ta kawo nata sojojin a Janairun 2013, a Yuli MINUSMA, rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya, ta karɓi aiki, daga baya ta kai soja wajen 13,000 da kasafin da ya haura dala biliyan ɗaya a shekara. Aljeriya ta jagoranci tattaunawar da ta haifi yarjejeniyar 2015, wadda gamayyar 'yan tawaye ta CMA ta sa wa hannu ranar 20 ga Yuni.

A takarda ba ta da laifi. Mali ta zauna ƙasa ɗaya. Kowane yanki ya zaɓi majalisarsa mai iko na gaske. A miƙa wa ƙananan hukumomi da yankuna kashi 30 na kuɗin shigar gwamnati kafin 2018. A kafa majalisar dattawa. A sake gina soja da tsofaffin 'yan tawaye a ciki. Wajen aiwatarwa ne aka yi ta tuntuɓe. Gwamnati ta ce a kwance ɗamara tukuna, CMA ta ce a gyara tsarin mulki tukuna, yarjejeniyar kuma ba ta ɗaure kowane mataki da takwaransa ba. Gyaran tsarin mulkin da shugaban Mali na lokacin, Ibrahim Boubacar Keïta, ya shirya a 2017 zanga-zangar Bamako ta sa ya janye shi, domin ba a taɓa shawo kan mutanen kudu su karɓi yarjejeniyar ba. An tsara sintirin haɗin gwiwa na mutum 600 a Gao, 200 daga soja, 200 daga CMA, 200 daga mayaƙan da ke goyon bayan gwamnati. A Janairun 2017 aka tayar da mota mai bam a sansanin, mutane da dama suka mutu, amana ta tafi tare da su. Batun muƙami ma ya ci shekaru: wanda yake kanar a daji, da wane girma zai shiga soja? Sannan masu iƙirarin jihadi ba sa cikin yarjejeniyar, su ne kuma suka fi ƙarfi a fili, har yaƙin ya gangaro Mopti da Segu, inda takardar ba ta ce komai ba.

MINUSMA ta tsinci kanta tana gadin zaman lafiyar da babu shi, ta rasa ma'aikata sama da 300. Da sojojin da suka karɓi mulki a Bamako suka ce ta fita a Yunin 2023, ba ta da ta cewa, tunda da yardar gwamnati ta shigo. Sansanonin da take bari su suka zama abin faɗa: wa zai gaje su? Daga Ber aka fara a Agusta, soja suka shiga Kidal ranar 14 ga Nuwamba, a Janairun 2024 gwamnati ta ce yarjejeniyar ta mutu.

A Nijar ma an sami masu shiga tsakani, Aljeriya da Burkina Faso da Faransa a yarjejeniyar 24 ga Afrilun 1995, Libiya kuma a tawayen ƙungiyar Abzinawa ta MNJ na 2007 zuwa 2009. Amma aikin da ya biyo baya a cikin gida aka yi shi. An ɗauki tsofaffin mayaƙa a soja da sauran ma'aikatun gwamnati, an kafa hukumar da ke bibiyar alƙawuran, an yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004, dokar ma'adinai ta 2006 ta ware kashi 15 na kuɗin ma'adinai ga yankunan da ake haƙowa. Daga cikin Abzinawa, Rhissa Ag Boula ya zama minista, Mohamed Anacko ya shugabanci majalisar yankin Agadas, Brigi Rafini ya yi shekara goma yana firaminista. Ba duka alƙawuran aka cika ba, shi ya sa ma aka sake tawaye a 2007. Akwai kuma abin da ba dabarar kowa ba ce: Abzinawan Nijar a warwatse suke cikin Hausawa da sauran jama'a daga Tawa har Damagaram, ga auratayya ga ciniki, kuma Agadas gari ne na kowa, don haka zana iyakar wata ƙasa daban ya fi wuya a can fiye da Kidal.

Tambaya: Wata uwa ce daga Ngaundare. Waɗanda suka kashe yara a Ngarbuh da Kumba, a yankin Ingilishi na Kamaru, kotun hukunta manyan laifuka ta duniya ba za ta kama su ba?

Amsa: Hajiya, da wuya. Kamaru ta sa hannu a yarjejeniyar kafa kotun amma ba ta tabbatar da ita ba, saboda haka kotun ba ta da hurumi a ƙasar sai in gwamnati ta gayyace ta, ko Kwamitin Sulhu ya miƙa mata batun kamar yadda ya yi da Darfur a 2005, kuma mun faɗi abin da ke tare wannan hanya. Mali da yake mamba ce a lokacin ta kai kanta a 2012, shi ya sa aka ɗaure Ahmad al-Faqi al-Mahdi shekara tara a 2016 kan rusa hubbaren waliyyan Tumbuktu.

Kisan Ngarbuh na 14 ga Fabrairun 2020, inda fararen hula sama da 20 suka mutu, yawancinsu yara, da farko gwamnati ta musanta. Matsin lambar Majalisar Ɗinkin Duniya da masu kare haƙƙi ya sa ta kafa kwamitin bincike, a Afrilu ta amsa cewa da hannun sojojinta, aka gurfanar da uku a kotun soja ta Yawunde. Na makarantar Kumba, a Oktoban shekarar, kotun soja ta Buea ce ta yi shari'ar. Wata hanyar da ta buɗe ita ce kotunan ƙasashen da jagororin suke zaune: a Satumban 2024 'yan sandan Norwe suka kama Lucas Ayaba Cho, shugaban ɗaya daga cikin ƙungiyoyin mayaƙan, bisa zargin ingiza aikata laifukan cin zarafin bil'adama a Kamaru, ƙarƙashin dokar ita Norwe ɗin.